GARKEN DA KE CIKIN TUMBI: DARASI GA MAI KIWO

 Darasinmu na wannan karo ya shafi wani garke wanda kowane mai bisa yake da shi, amma bai taɓa ƙirga shi ba, don ido ba ya ganinsa. Garken nan yana cikin tumbin saniya, da tunkiya, da akuya, da raƙumi. In yana lafiya, bisa tana lafiya. In ya lalace, ko ka tara abinci gaban bisa, ramewa za ta yi.

Mu fara da tambaya. In mutum ya ci karan hatsi, yunwa za ta kashe shi. Kare ma hakanan. To, ƙaƙa saniya take cin kara da busasshen haki, ta ba mu nono da nama? Amsa ita ce, saniya da kanta ba ta iya narkar da kara. Wasu ƴan ƙananan halittu ne, waɗanda likitoci ke ce ma mikrob, suke yi mata wannan aiki. Kenan duk abin da ka zuba ma bisarka, su ne suke fara ci, sannan su ciyar da ita.

1. CIKI MAI ƊAKI HUƊU

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗa ya ga cikin bisa mai tuƙa kashi huɗu ne. Ɗaki na fari shi ne tumbi, babban buhun nan da ke cike gefen hagu. Tumbin babban sa yana iya ɗaukar lita 100, wato bido huɗu na lita 25. Na rago kuwa lita 10 zuwa 20. Ɗaki na biyu shi ne mai zane kamar saƙar zuma, inda ƙusa da waya suke maƙalewa in bisa ta haɗiye su. Na uku shi ne mai ganye-ganye kamar shafukan littafi, yana tsotse ruwa. Na huɗu shi ne ciki irin namu, mai ruwan tsami da ke narkar da abinci kafin ya wuce hanji. Na raƙumi kashi uku ne, amma shi ma yana tuƙa, kuma da mikrob yake aiki.

Cikin tumbi akwai ɗumi kullum, wajen digiri 39, akwai ruwa, kuma iska ba ta shiga. Irin wurin da mikrob ɗin nan suke so kenan. Bisa tana kiwo da hanzari, ta haɗiye haki ba ta tauna shi sosai ba. In ta kwanta sai ta maido shi baki ta sake taunawa. Saniya mai lafiya tana yin awa 6 zuwa 8 tana tuƙa a kwana guda. Tuƙa tana niƙe hakin, kuma tana kawo miyau mai yawa, lita gomomi a yini. Miyan nan yana da wani abu irin na kanwa, wanda ke hana tumbi yin tsami da yawa.

2. SU WA KE CIKI?

Sai da madubin likita ake ganinsu. Kada ka haɗa su da tsutsotsin da akan tarar manne a jikin tumbi ko cikin hanji. Waɗancan ɓarayi ne, maganin tsutsa ke fidda su. Mikrob na tumbi kuwa ƴan aiki ne, kuma iri uku ne manya.

Na fari su ne bakteri, su suka fi ƙanƙanta, su suka fi yawa. Cikin cokalin shayi guda na ruwan tumbi ana samun miliyar 50 ko fiye, wato sun ninka mutanen duniya duka sau da yawa. Kowane iri da sana'arsa: akwai masu cin kara da haki, akwai masu cin tsaba da dussa. Wani masani na Amurka, Robert Hungate, shi ya gano hanyar renon su a ɗakin bincike ba tare da iska ta taɓa su ba, a wajajen 1950.

Na biyu su ne furotozowa. Sun fi bakteri girma, suna iyo cikin ruwan tumbi suna haɗiye ƙwayoyin gari, da bakteri ma. Wasu masana biyu a Faransa, Gruby da Delafond, suka fara ba da labarinsu a 1843.

Na uku dangin funfuna ne. Suna kafa saiwa cikin kara mai tauri su tsattsage shi, bakteri su samu ƙofar shiga. Sai a 1975 wani masani na Ingila, Colin Orpin, ya tabbatar da ko su mine ne.

3. AIKIN DA SUKE YI MA BISA

Aiki na fari, ƙarfi. Mikrob suna ruɓar da haki kamar yadda nono ke yin tsami cikin ƙwarya. Ruwan tsami-tsamin da ke fita yana ratsa fatar tumbi ya shiga jini. Daga nan bisa take samun kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin da take tafiya da shi, da kitse, da man da ke cikin nono.

Aiki na biyu, gina jiki. Mikrob suna haihuwa dare da rana, kuma kullum wasu suna gangarawa zuwa ɗaki na huɗu, inda bisa take narkar da su. Jikinsu cike yake da abin gina jiki, wanda ake ce ma furotin. Fiye da rabin furotin da saniyar kiwo take samu, daga jikin mikrob ne. Kenan bisa tana kiwon garkenta, tana kuma ci daga cikinsa, kamar yadda kake yi da naka.

Aiki na uku, bitamin. Su ke haɗa ma bisa bitamin B da bitamin K, muddin sun samu gishirin da suke bukata.

Aikin nan yana tada iska mai yawa cikin tumbi, har da wadda ake ce ma metan. Bisa tana fidda ita ta gyatsa, a hankali, kusan kowane minti. Riƙe wanga batu, za mu komo kansa.

4. MI KE FARUWA DA RANI?

Saniya mai nauyin kilo 250 tana bukatar wajen kilo 6 da kwata na busasshen abinci kowace rana. Amma yawa kaɗai bai isa ba. Don mikrob su haihu su yi aiki, sai abincin ya ƙunshi furotin aƙalla kashi 7 cikin 100. Ɗanyen haki na farkon damana ya wuce haka nesa. Amma karan hatsi da hakin da ya bushe tsaye a daji, da zarar an shiga Maris da Afrilu, abin da ya rage cikinsu bai wuce kashi 2 zuwa 4 ba.

To, ga abin da ke biyo baya. Mikrob sun rasa abin gina jikinsu, sai su ragu. Da sun ragu, kara yana daɗewa cikin tumbi bai narke ba. Tumbi yana cike, bisa ba ta iya ƙara ci. Shi ya sa da bazara kake ganin saniya da ƙaton ciki, amma haƙarƙari a waje, kashinta busasshe, ƙulle-ƙulle. Ga ciki cike, ga yunwa. Ƙara mata dami goma na kara ba ya warware matsalar. Garken ciki ne ke jin yunwa, shi za a fara ciyarwa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Abin da za a ƙara bisa karan:

Harawar wake ko ta gujiya wadda aka shanya a inuwa, ganyenta bai zube ba. Tana da furotin kashi 12 zuwa 15. Kilo 1 zuwa 2 ga saniya a rana, ko damƙa biyu ga tunkiya.

Ƴaƴan gawo, da ƙowar wake, da ganyen itatuwa irin su jiga da aduwa. Amma a yi hattara da ƴaƴan bagaruwa: abin nan da ke sa majema suna jima da su, shi ke ɗaure furotin cikin tumbi. Kaɗan ba laifi, da yawa ɓarna ne. Awaki sun fi shanu jure shi.

Angurya, ko tunkuzarta, ko tunkuzar gujiya. Wajen kilo 1 ga saniya, giram 200 zuwa 300 ga rago.

Gishiri da kanwa da dutsen lasa. Makiyayan da ke haurawa Ingal kowace damana don bisashe su lashi ƙasa mai gishiri sun san amfaninsa tun kaka da kakanni. Akwai kuma tubalin abincin bisashe da ake haɗawa da niƙaƙƙen kara da dussa da gishiri, wanda cibiyar binciken noma ta INRAN ta yaɗa a ƙasarmu.

Ruwa. Mikrob cikin ruwa suke aiki. Da bazara saniya tana bukatar lita 30 zuwa 40 a rana. Wadda ke shan ruwa sai bayan kwana biyu, cinta ma raguwa yake.

Ka'ida guda: kaɗan kowace rana ya fi da yawa sau ɗaya a mako. In abin da ke hannunka bai isa garke duka ba, zaɓi masu ciki, da masu shayarwa, da shanun huɗa, ka fara tun watan Fabrairu, kafin su kai ga faɗuwa.

5. GYARAN KARA DA URE

Mikrob suna da wata baiwa: suna iya ɗaukar ure, takin zamanin nan fari, su maida shi furotin. Shi ya sa ake gyara kara da shi. Ga ma'auni: kilo 100 na busasshen kara da aka sassare, ko tattakar shinkafa, ko busasshen haki, kilo 5 na ure, lita 50 na ruwa.

A narkar da ure cikin ruwa sarai, kar ƙwaya ta rage. A samu rami, ko ɗan ɗaki na tubalin ƙasa, ko tsohon rumbu marar huda. A shimfiɗa kara, a yayyafa ruwan ko'ina, a tattake da ƙafa sosai, a ƙara wani bisa, har wuri ya cika. A rufe ruf da leda ko tabarmi, a yaɓe da laka, kar iska ta shiga. A jira mako 3 lokacin zafi, mako 4 zuwa 5 lokacin dari. In an buɗe, karan kirki ya yi laushi, ya yi ja-ja, yana da wari mai hawa kai. A ɗebi na gobe a baza a inuwa ya sha iska kwana guda, a maida rufi. Inda ya yi funfuna a zubar. A fara ba bisa kaɗan, gauraye da karan da ta saba, a riƙa ƙarawa har mako biyu. Furotin karan yana ninkawa, kuma bisa tana cinsa fiye da da.

Gargaɗi mai ƙarfi: ure tsurarsa guba ne. Bisa ta ci shi a buhu, ko ta sha ruwan da aka jiƙa shi, tana iya mutuwa cikin awa guda: rawar jiki, dalala, kumburi, faɗuwa. A ɓoye buhu, a wanke bokiti. Kar a bar dutsen lasa mai ure cikin ruwan sama. Kar a ba maraƙi ko ɗan tunkiya da bai fara tuƙa sosai ba. Jaki da doki ba su da tumbi, ba don su aka yi ba. In tsautsayi ya faru, a ɗura binegar da ruwan sanyi, a aika kiran ma'aikacin kiwo nan take.

6. ABUBUWAN DA KE RIKITA GARKEN CIKI

Canjin abinci farat ɗaya. Mun ce kowane mikrob da sana'arsa. In abinci ya canza, sai masu sabuwar sana'ar sun haihu sun yi yawa, kuma abin yana ɗaukar kwana 10 zuwa 14. Ke ƴar'uwa mai turkar ragon layya, wannan naki ne. Rago ya fito daga daji ya saba da haki, ranar fari aka aza masa kwanon dussa da tsaba da ƙanzo. Masu cin tsaba suka yi yawa cikin awoyi kaɗan, tumbi ya yi tsami fiye da kima, masu cin haki suka mutu. Gobe rago ya ƙi ci, ya bar tuƙa, yana zawo mai warin tsami, yana ɗingishi, wani har ya mutu. Haka yake faruwa ga akuyar da ta faɗa ma buhun hatsi ko ragowar tuwon biki. A fara da tafi guda safe da marece, a ƙara kaɗan bayan kowane kwana biyu ko uku. Kullum harawa ko haki ya riga dussa shiga ciki, kuma kar ya kasa rabin abincin. In ɓarna ta riga ta faru, a janye tsaba da dussa, a ba da busasshen haki, kar a bari bisar ta cika ciki da ruwa a ranar fari, a ɗura ɗan ruwan kanwa, a nemi likita ba tare da jira ba.

Kumburin farkon damana. Bisa ta fito daga bazara da yunwa, ta faɗa ma sabon haki mai laushi, musamman marak, ko ganyen wake mai raɓa. Iska ta taso da yawa ta zama kumfa, gyatsa ta ƙi fita. Kwiɓin hagu ya tashi kamar ganga, numfashi ya yi wuya. Bisashen da suka riga suka rame sun fi faɗawa cikin haɗarin ruwan fari, kamar yadda makiyaya da yawa suka gani a 2010, bayan ƙarancin haki na shekarar da ta gabace ta. Rigakafi: a ba su busasshen abinci da safe, a jira raɓa ta kaɗe, a taƙaita kiwo a kwanakin fari. Magani na gaggawa: man gujiya, kwata zuwa rabin lita ga saniya, kofin shayi ɗaya ga tunkiya ko akuya. A ɗura a hankali ta gefen baki, kar a riƙe harshe, don kar ya bi hanyar huhu. A tsaida ta gabanta ya fi bayanta tudu, a murza kwiɓin. In ta faɗi, sai huda, kuma huda aikin wanda ya koya ne.

Gyauron dawa. Dawa ƙarama, da wadda ta sake tohowa bayan girbi, da wadda fari ya tsaida, suna da guba a ɓoye. Cikin tumbi gubar take kwancewa da sauri. Kar a saki bisashe a kai. Karan dawa da ya nuna ya bushe sarai ba ya da wannan haɗari.

Magungunan kasuwa. Ƙwayoyin nan na kafso da ƴan tebur ke saidawa, irin su tetrasiklin, an yi su ne don kashe mikrob. In ka ɗura ma babbar bisa ta baki, tumbi suke fara sauka, kuma ba su san na gida da baƙo ba. Bisa ta bar ci, ta kama zawo, mai ita ya ƙara wani kafso. In ciwo yana bukatar irin wannan magani, likita zai ba da shi, galibi ta allura. Maganin tsutsa da aka ba bisa ƙa'ida ba ya cikin wanga gargaɗi.

Leda. Babu mikrob na tumbi da ke narkar da ita. Tana taruwa ta dunƙule ta cinye wurin abinci, bisa ta yi ta ramewa ba a san dalili ba, sai ranar fiɗa. Tun 2014 aka yi dokar hana irin ledojin nan marasa kauri a Nijar, amma har yanzu suna zube a bakin garuruwa. Bisa mai ƙishin gishiri ta fi cin shara, don haka dutsen lasa ma kariya ne.

7. MARAƘI DA TUMBINSA

Ana haihuwar maraƙi da ɗan ƙaramin tumbi wanda bai fara aiki ba. Nonon da yake tsotsa yana bin wata ƴar hanya ya wuce kai tsaye zuwa ɗaki na huɗu. Mikrob yana samo su daga uwa in tana lasarsa, da daga abincin da manya suka sa ma baki. A bar shi ya sha dakashi tun awoyin fari. Daga mako na biyu a aje masa harawa mai laushi, da ɗan dussa, da ruwa mai tsabta. Zuwa wata 2 ko 3 tumbinsa ya kama aiki. Maraƙin da aka saba ma haka, yaye ba ya kada shi.

8. ƘAƘA ZA KA DUBA GARKEN DA BA KA GANI?

Dubi bisashenka lokacin da suke kwance da rana. In ka ga fiye da rabi suna tuƙa, alama ce mai kyau. Wadda ta kwana ta wuni ba ta tuƙa ba, ware ta.

Tsaya gefen hagu, ka danna dunƙulen hannu cikin ramin kwiɓi, bayan haƙarƙari na ƙarshe. Za ka ji tumbi ya taso ya ture hannunka, ya koma. Ga mai lafiya, sau 2 ko 3 cikin minti biyu. In shiru, akwai matsala.

Dubi kashi. Busasshe mai tauri, furotin ko ruwa ya kasa. Mai ruwa da kumfa da warin tsami, tsaba ta yi yawa. Mai dogayen zaren haki, tuƙa ko narkewa ba ta tafiya daidai.

In bisa ta warke daga ciwo amma ta ƙi komawa ga ci, wani lokaci garken cikinta ne ya ƙare. Ana iya yi mata aron iri, kamar yadda mai nono ke zuba tsohon tsami cikin sabuwar madara. Ana ɗebo ruwan tumbin bisa mai lafiya da aka yanka yanzu a mahauta, wadda ma'aikaci ya duba, a tace da tsumma, a rufe, a ba marar lafiya tun yana da ɗumi: lita 4 zuwa 8 ga saniya, rabin lita zuwa lita ɗaya ga rago. A yi shi tare da ma'aikacin kiwo, don kar garin neman lafiya a ɗauko wata cuta.

TAMBAYOYI DON MAHAWARA A ƘUNGIYA

Domin mi saniya take ramewa da bazara alhali cikinta cike yake da kara?

Kwana nawa ya kamata a ɗauka kafin sabon ragon turka ya kai ga cikakken kwanon dussa?

A garinku, wane abinci mai furotin ne ake iya tanada tun kaka, kuma ina za a aje shi rana da gara ba su ɓata shi ba?

Kilo nawa na ure da lita nawa na ruwa za a sa ma kilo 200 na kara?

Wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba. Mai son a gwada masa gyaran kara ido da ido, ya tuntuɓi ma'aikacin kiwo mafi kusa tun ana girbi, lokacin da kara yake da araha. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mana dukiyarmu. Amin.